Yatsan Baba a Kan Sarki

Babanmu mai walda ne. Tun yana saurayi yake buga ces, wato darar Turawa, har sunansa ya shiga jerin masu maki a gasa. Allonsa na kan benci a bayan shago, kullum cikin ɓurɓushin ƙarfe. A nan ya koya wa ƙaninsa, Baffanmu malamin makaranta, tun bai san doki da soja a kan allo ba. Da girma ya zo, hannun Baba na dama ya fara rawa. Ko kofi sai ya tallafe da hagu.

Wata gasa a ɗakin taron wata makaranta ta haɗa shi da Baffa allo ɗaya, Baba ne da fararen 'ya'ya. Buɗewarsa ba ta canzawa: sojan gaban sarki ya fita, doki ya bi, sai ya ɓoye sarki a kusurwa kafin faɗa ya kaure. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan da ke gefen sarki, yatsa ya kauce ya dungure sarkin.

Baffa ya tsayar da agogon wasa. "Yaya, ka taɓa sarki. Shi za ka motsa."

"Me ka ce?"

"Doka ce, Yaya."

Alƙalin wasa ya zo ya ce, "Baba, in kuskure ne ka faɗa, a ci gaba."

Ina tsaye a bayan igiyar 'yan kallo, na ga jijiyar wuyan Baba ta miƙe. Wato ya tsaya gaban jama'a ya ce hannunsa ya lalace? Ya damƙi sarkin ya tura shi gaba, ya maka wa agogo duka har 'yan teburin kusa suka waiwayo.

Sarkin ya rasa maɓoya. Baba ya yi ta fafatawa, gumi na ɗiga kan allo, amma aka cinye shi. Baffa ya miƙo hannu, Baba ya ture kujera ya fice.

Washegari Baffa ya zo shago ba da haƙuri.

"Kai ka raka ni asibiti kan hannun nan!" in ji Baba. "Duk ɗakin taron nan wa ya fi ka sani? Fita min!"

Mama ta yi rarrashi har ta gaji. A lokacin Baba yana ƙera wa Baffa ƙofar gida. Ya gama ta tsaf, ya kai da kansa ya kafa, aka ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce yana sauri.