Barori Talatin da Biyu

A gidanmu na Nahuce, da an sallame isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Kulu, wadda haƙora uku kacal suka rage mata. Akwai ranar da ba na mantawa. Ina 'yar shekara tara, kumatuna ya kumbura suntum, haƙorina na matauni ya kwana huɗu yana zugi. Kai ni asibitin Gusau kuwa sai an sayar da akuya, ga shi ita kaɗai gare mu.

Inna ta daka kanumfari ta cusa mini a kogon haƙorin, ta ɗora kaina a cinyarta.

"Ga wata nan tafe, ku tare ta," in ji ta, ta fara tatsuniya.

Wai wani talaka ne Allah ya ba shi barori talatin da biyu, farare tas. Su ke yi masa niƙa, su fasa masa goriba, ba su neman ko kwabo. Abu ɗaya suka roƙa: ya riƙa yi musu wanka safe da yamma. Kullum sai ya ce gobe. Da haka suka yi baƙi, suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma sai ya hana shi barci kafin ya tafi. Ranar Sallah aka kawo masa nama, ya zauna yana kallo.

"Inna, wane ne mutumin?" in ji ƙanena Sani.

Ta wangale baki tana dariya. "Mi kaka gani? Ga ni gabanka!"

Wancan haƙorin dai wanzami ya cire shi, na sha kuka. Washegari Inna ta sa na karyo reshen dogon yaro, ta koya mini asuwaki, ta ce wannan ba ya son kuɗi. Sauran haƙorana suna nan har yau.

Da ina ganin wautar mutumin. Sai da na girma na gane ba wanda ya taɓa gaya masa abin da zai biyo baya, kamar yadda ba a gaya wa Inna ba. Yanzu ina koyarwa a firamare a Bungudu, kuma kowace safiya ɗalibaina kan ɗaga asuwakinsu in gani. Makon jiya wata yarinya, Hassu, ta zo da guda biyu.

"Malama, ɗayan na ƙanwata ne," ta ce. "Jiya haƙoranta suka fara fitowa."