Hannun da na ƙi wankewa

A shekarar da unguwarmu za ta zaɓi wanda zai kai kukan rashin ruwa wurin wani babban ɗan siyasa da muke kira Alhaji, ni na fi kowa son a tura ni. Na sha gaya wa 'yan majalisarmu cewa mutumin ya san ni. Bai san ni ba, Allah Ya yafe mini.

Wata safiya ya zo ta'aziyya kusa da Kusugu. Na kutsa cikin jama'a na cafki hannunsa, yana kallon wani wuri. Da na sansana tafina sai na ji turarensa ya kama ni. Duk Daura an san ƙamshin nan na fure, don ba ya fitowa daga mota sai ya fesa sabo. Na ƙudurta cewa da yamma zan kai wa majalisa wannan hannu a matsayin shaida.

Sai na shiga renonsa. Na ƙi cin tuwo, na ƙi gaisawa da kowa, na hau babur hannuna a aljihu. Aka kira azahar, alwalata ta riga ta karye, na ce wa kaina ai lokaci da saura.

Turaren kuwa bai tsaya jirana ba. Da rana ta take, furen ya yi laushi, wani ɗumi mai zaƙi ya taso a ƙarƙashinsa. Kafin la'asar furen ya tafi gaba ɗaya, ya bar ƙamshin itace mai nauyi, irin na cikin sabon akwati, gauraye da gumina.

Na isa majalisa na miƙa wa dattijon unguwa hannu, na ce ya ji da wa na yini. Ya sansana, ya sake sansanawa.

"Ɗan nan, kafinta ka gaisa da shi? Na Alhaji ai fure ne."

Na rantse turare ɗaya ne, juyawa yake yi a jiki. Ba wanda ya yarda, domin a cikinmu babu wanda ya taɓa zama da Alhaji har ya ji ƙarshen turarensa.

Suka zaɓi wani tela na unguwarmu, wanda ya taɓa rage wa Alhaji wando. Ni kuma na ɗauki buta na koma gefe, azahar da la'asar na jirana.