Gilashin da Sha'aibu Mai Hoto Ya Ƙi Bayarwa

Duk wanda ya girma a Suleja kafin waya ta shiga hannun kowa, in ya ce bai san Sha'aibu Mai Hoto ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa a gidansu ba a taɓa yin biki ba. Shagonsa a Kurmin Sarki yake, jikin nawa. Ni tela ne. Bango ɗaya ya raba mu shekara da shekaru, har labulen da yake ratayawa a bayan masu ɗaukar hoto, mai zanen bene da bishiyar kwakwa, ni na yi masa kalmasa.

Gajere ne, ga faɗan tsiya in yana aiki. Ina kan keke ina ɗinki sai in jiyo shi ta bango yana cewa, "Ɗaga haɓa! Haba Hajiya, zaman makoki kika zo yi? Saki fuska mana!" Ranar kasuwa kuwa sai ya rataya kyamara ya hau babur, yau Lambata, gobe Gawu Babangida. Manomin da ya sayar da doya ya ɗinka sabuwar riga, amare, masu suna, Inyamuran da suka fito daga coci da kwalliya, samarin da ke neman fasfo don cigiyar aiki a Abuja, duk sun tsaya a gabansa ya daka musu tsawa.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa tsiya a kanta. Kowane hoto biyu yake wankewa, ɗaya na mai shi, ɗaya nasa. Nasa sai ya jefa a kwalin madara, in kwali ya cika ya ɗaure da igiya ya ɗora a kan wani. In na ce, "Malam Sha'aibu, wannan tarkacen miya za ka yi da shi?" sai ya ce, "Tela, kai ka ji da ƙyallayenka."

Da waya mai kyamara ta zo, kasuwarsa ta mutu murus. Kowa ya zama mai hoto, har wanda bai san inda rana take fuskanta ba. Wanda ya ba shi hayar shagon ya karɓi abinsa ya ba masu sayar da caja, Sha'aibu ya kwashe kwalayensa ya kai gida. A nan ne kuma abin da muke yi wa dariya ya zama shi ne mutuncinsa a gari. In an yi rasuwa, bayan an share makoki, sai ka ga wani ya yi sallama a ƙofar gidansa: "Baba, ko kana da hoton mahaifiyarmu? Namu ruwa ya ci." Sai ya tambayi unguwa, ya tambayi sunan miji, ya kalli sama, ya shiga ɗaki. Wallahi da wuya ya fito hannu wofi. Na sha ganin ƙato da gemunsa ya karɓi hoto ya juya baya yana share ido. Sha'aibu ba ya yanka musu farashi, abin da aka miƙa shi yake karɓa, amma ranar da aka zo neman hoto har tafiyarsa canzawa take yi.

Sai damina ta fara yi masa ɓarna. Rufin ɗakin yana yoyo, fim ɗin da ya adana duk ya manne da juna ya zama ɗanko, gara kuma ta shiga kwalayen ƙasa. Ranar da ya ɗaga wani kwali gindinsa ya zube, fuskokin mutane suka watse a ƙasa an cinye musu rabi, wurina ya zo ya nuna mini ɓarnar. Ɗansa Siddiq, wanda ke aiki a Abuja, yana fita da asuba ya dawo a gajiye kamar an yi masa duka, shi ya ce, "Baba, a sayi kwamfuta a zuba su a ciki. Gara ba ta cin kwamfuta."

Haka muka je kasuwa wurin Callistus, wani Inyamuri mai sayar da kwamfutoci 'yan gwanjo. A Suleja aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai in ya ji zafi ta koma Turancin buroka. Ya haɗa wa Sha'aibu akwati baƙi mai fanka a ciki, da gilashin kallo, da allon rubutu, da wata na'ura mai murfi da ake kira sikana. Ya nuna masa: ka kifa hoto, ka rufe, ka danna nan, ka danna can. Sha'aibu bai tambayi dalilin komai ba, haddacewa ya yi kamar karatun allo. Da hoton farko ya bayyana a gilashin, ya fi na takarda girma da haske, sai ya kai hannu ya shafa, ya ce, "Ikon Allah. Ya shiga."

Daga nan ya sami aikin yi. In an kawo wuta, ko tuwo ne a hannunsa ajiyewa yake yi. In an ɗauke ya zauna yana tsine wa NEPA, in abin ya ishe shi ya tayar da ɗan janaretansa mai tari. Damina biyu ya yi yana wannan aiki, kwali bayan kwali, har idonsa na hagu ya fara yana. Gilashin nan kuwa ya fi kula da shi fiye da yadda wasu ke kula da 'ya'yansu. Ni na ɗinka wa gilashin rigar rufewa da yadin leshi. Akwatin yana ƙarƙashin tebur, a kansa yake ɗora ƙafa.

Da ya gama kwali na ƙarshe, gara ta riga ta hau katakon rufi, Siddiq kuma yana son ɗakin don zai yi aure. Masu ƙosai suka so a ba su takardun, Sha'aibu ya ce Allah ya kiyaye a naɗe ƙosai da fuskar matar wani, kuma ba zai zubar a bola akuya ta taka ba. A bayan gida ya tara su ya cinna musu wuta, ya tsaya da sanda yana juyawa har suka zama toka. Har da na marigayiya Asibi, matarsa. Na ce ya ware nata, ya ce, "Ai tana ciki, Tela. Ta ma fi kyau a can."

To kwamfutar da ma tsohuwa ce, ga shi an cika ta. Sai ta fara nauyi. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka yi salla ka dawo, tana nan tana tunani. Fankar ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Callistus ya ƙara mata wani ɗan ƙarfe da ya ce ƙwaƙwalwa ce, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa gidan jiya. Wata rana baƙi sun zo tun daga Gawu Babangida neman hoton kakarsu, suka zauna har la'asar abin bai buɗe ba, suka tafi. Sha'aibu ya ji kunyar duniya. Callistus ya ce akwatin ya gaji, a kawo shi a yi musanya, kamar yadda ake yi a kasuwar: ka ba da tsoho, ka yi ciko, ka ɗauki wanda ya fi shi. Ya ce in ana so a haɗa da gilashin ma, akwai mai faɗi.

Sha'aibu ya ce, "Gilashina? Ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bar ɗakin nan ba."

Ni na raka shi a Keke Napep, akwatin a cinyarsa. Kuma ina tsaye, da kunnena na ji, Callistus ya dafa akwatin ya tambaye shi da Hausa ƙarara: "Baba, akwai abin da kake so a cikin wannan? In akwai in kwashe maka, don zan wanke shi kafin in sayar."

Sha'aibu ya yi dariya ya ce, "Wanke abinka, yaro. Kayana suna gida, na rufe su da leshi."

Callistus ya zaci Sha'aibu ya kwafe hotunan a wani wuri ne, don haka bai ƙara tambaya ba. Shi kuwa Sha'aibu, mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana ganin hoto a inda hoto yake, a jikin fim, a jikin takarda, a cikin firem, ina zai kawo a ransa cewa abin da yake gani a gilashi ba a gilashin yake zaune ba? A wurinsa akwatin nan inji ne kawai, kamar janareta, shi ke ba gilashi ƙarfi. Ni kuwa tela ne, in ka tambaye ni a ranar, amsar da zan ba ka ke nan. Wanda zai iya ganewa Siddiq ne, shi kuma yana can cikin cunkoson hanyar Abuja.

An yi kwanaki babu wuta a unguwar, janaretan kuma yana wurin gyara. Ranar da aka kawo wuta, Sha'aibu ya aiko a kira ni in ga sabon inji. Kafin ka ce me kwamfutar ta buɗe, shiru, ba kuka ba tari. Ya danna inda ya saba dannawa. Babu komai, sai wani hoton tsauni da ciyawa da bai san inda aka ɗauka ba. Ya kashe ya kunna. Ya zare wayar da ta haɗa gilashin da akwatin ya mayar. Ya ɗan bubbuga gefen gilashin da tafin hannu, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Ya ce, "Ba su saba da sabon injin ba ne."

Da Siddiq ya dawo ya ji abin da aka yi, salati ya saka ya zauna a ƙasa da takalminsa.

Callistus ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Da muka je masa, hannu biyu ya ɗora a ka yana cewa, "Baba, ai na tambaye ka! Chineke, na tambaye ka!" Ya rufe shagonsa ya bi mu har Lambata, wurin wanda ya sayi akwatin. A bakin titi muka same shi, yana sana'ar tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Ya cika akwatin taf da fina-finan Indiya masu fassara, ya goge ya sake cikawa ba sau ɗaya ba. Callistus ya zare abin da ke ajiye kaya a ciki ya kai wa wani gwani a Abuja. Abin da gwanin ya iya tsamowa bai taka kara ya karya ba: rabin goshi, hannun wata amarya da lalle, sauran duk zane-zane masu launin toka.

An yi wa Sha'aibu bayani har an gaji. Siddiq ya yi, Callistus ya yi, har ya jona gilashin da wani akwati a gabansa don ya gani da idonsa. Sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Bayan kwana biyu kuma sai ka gan shi a Keke Napep da gilashin a rungume, an ce masa akwai wani mai gyaran talabijin da ya iya buɗe irinsa. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi, har na rasa wanne ya fi. Na taɓa ce masa, "Malam Sha'aibu, don girman Allah ka haƙura, babu kowa a cikin gilashin nan." Ya kalle ni da idonsa mai yana ya ce, "To ina suke?" Ban sake yi masa maganar ba.

Labari ya zaga gari, masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Amma ƙauye ba a ji ba. Watan jiya ina zaune da shi a ƙofar gida da hantsi, sai ga wani magidanci ya sauka daga babur, ya durƙusa ya gaishe mu. Ya ce sunansa Nuraddeen, daga wani ƙauye bayan Gawu Babangida. Mahaifinsa ya rasu tun shi Nuraddeen yana cikin ciki. Gwaggonsa ce ta gaya masa, kafin ita ma ta cika, cewa sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar mahaifin nasa hoto, ranar kasuwa, shekarar da ya sayi sabon keke, kuma mai hoton Suleja ne ya ɗauka.

Na buɗe baki zan sallame shi, Sha'aibu ya riga ni. Ya tambayi sunan mahaifin, ya tambayi ƙauyen.

"Dogo ne," ya ce, "baƙi, yana da wushirya. Keken kore ne, bai ma cire ledar sirdin ba. Na ce ya hau, ya ce a'a, kada ya yi datti, sai ya tsaya a gefe ya riƙe ƙaho da hannu biyu. Hularsa ta yi masa yawa, aro ya yi. Na yi ta fama da shi ya rufe baki, ya kasa, dariya kawai yake yi."

Nuraddeen ya matso har gwiwarsa tana taɓa tabarma, fuskarsa ta cika da murna. Ya ce, "Shi ne, Baba! Wallahi gwaggo ta ce yana da wushirya. Yana nan ke nan?"

Sha'aibu ya ce, "Ina ganinsa yanzu haka kamar yadda nake ganinka."

"To Baba, a nuna mini."

Sha'aibu ya dafa bango zai tashi, kamar zai shiga ɗaki, sai ya koma ya zauna. Ni na gaya wa bawan Allahn abin da ya faru, a gajarce, don ba ni da ƙarfin jan magana. Ya saurara, kansa a sunkuye, har na gama. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, ni da shi muna kama?"

Sha'aibu ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa wajen haske, ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya daɗe yana dubawa.

"A'a," ya ce. "Ba ku kama ko kaɗan."

Nuraddeen ya yi godiya, ya tura babur ɗinsa har bakin layi kafin ya tayar.