Taƙi Ɗaya da Ya Rage na Kaka

Kawuna mai gyaran rediyo ne, ko in ce ya taɓa zama. Shekara talatin ya yi a wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai aski, har wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa. Ya rage daga shi sai akwatunan rediyon da masu su suka manta, yana kallonsu suna kallonsa.

Mahaifinsa, wato Kakana, masaƙin maratayi ne: na ganga, na takobi, na kwari. Da 'yan katuna yake saƙa, na busasshiyar fata, guda goma sha shida, kowanne da huda huɗu, kowace huda da zarenta. A ɗaure bakin zaren a turke, ɗaya bakin a ƙugu, a juya katunan gaba ko baya, a wuce da ƙoshiya mai ɗauke da zaren tsakiya, sai ado ya fito. Kawu tun yana saurayi ya rantse shi ba za a ɗaure shi a turke kamar akuya ba. Da na ji labarin na ce ashe gado na yi, don ni ma daga aji uku na tsere, na yi kwandasta, na yi wankin mota, babu inda na cika wata biyu.

Kaka ya rasu ya bar wani maratayi rabi a jikin katuna, tsawon kamu biyu. Na wani tsohon makaɗi ne da ake kira Gajere, abokinsa tun na ƙuruciya. Da aka share makoki Gajere ya zo ya tsuguna a tsakar gida.

"Wa zai ƙarasa mini? Kafaɗata ba ta san saƙar kowa ba sai tasa."

Aka dubi juna. Kawu ya ce, "Ni."

Innata, yayarsa, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Ko zariyar wando ka taɓa zurawa?"

Kawu abu ɗaya ya sani a duniya: in kana son gane abu, kwance shi. Ya ce zai riƙa warware saƙar layi-layi, yana ganin yadda katunan suka juya, ni kuma in rubuta, tunda an ce na yi boko.

Inna ta ce, "Wannan fa shi ne ƙarshen abin da hannun Baba ya taɓa. In ka warware ka kasa mayarwa, ba saƙa, ba samfur, ba Baba."

"Yaya, in na bar shi rataye a ƙusa, asu ne zai gaje shi."

Muka fara. Ya ɗaura zaren a ƙugu yana cewa "gaba, gaba, baya", ina rubutawa a bayan kalanda. Muka warware taƙi ɗaya, ya saƙa bisa rubutuna. Adon Kaka kamar idon zabuwa yake, jere reras. Na Kawu ya fito kamar sawun kaza a kan siminti ɗanye.

Na ce, "Kawu, wannan tashar ba ta kama ba, shuu kawai take."

"Rubutunka ne, ɗan banza. Wa ya san ko baya ka rubuta gaba?"

Muka sake warware wani. Haka dai. Sati uku muna yi, kamu biyu ya dawo taƙi ɗaya tak. Inna ta daina magana, ta daina ma bi ta wajen. Wannan shirun ya fi zagin ciwo. Ni kaina barkwancin ya ƙare mini.

Wata rana Kawu bai taɓa saƙar ba. Ya zauna a inuwa da hantsi yana duba katunan ɗaya bayan ɗaya, da tabaransa na gyaran rediyo. Can ya kira ni.

"Zo ka ga. Me ya sa na takwas da na tara suka fi sauran baƙi?"

Maiƙon yatsa ne, na shekaru. A nan Kaka yake cusa babban yatsansa ya raba katunan biyu, rabi su yi gaba, rabi su yi baya. Mu kuwa gaba ɗaya muke murɗa su kamar mai neman tasha. Kawu ya sa yatsansa a wurin.

"Shekara arba'in yana yi a gabana," in ji shi. "Ban taɓa duban hannunsa ba."

Ya juya, ya wuce da ƙoshiya. A layi na takwas idon zabuwa ya buɗe.

Kwana tara ya gama. Ba zan yi ƙarya ba, nasa ya ɗan yi sako-sako, makaho ma zai gane mahaɗin. Gajere ya bi shi da yatsa har ya zo wurin, ya tsaya.

"Nan ya ajiye," ya ce. Ya rataya gangarsa, ya gyara har taƙin Kaka ya hau daidai kafaɗarsa.

Washegari Inna ta ɗauko kujerar Kaka daga ɗakinta ta ajiye wa Kawu gindin turke. Yanzu can yake wuni, ɗaure kamar akuya, rediyo ɗaya na yi masa surutu. Ni na kwashe sauran katunan da ke cikin jakar Kaka, wai in gwada. Wata na uku ke nan.