Tafin Hannunmu a Kwalbatin Hanyar Salka

An ɗaura mana aure da kaka, a shekarun da Kontagora take ƙarƙashin Sakkwato, tun ba a yi Jihar Neja ba. Mijina magini ne. Siminti ya cinye laushin hannunsa, amma ni a idona babu ɗan sarkin da ya kai shi kyan yatsu. Burinsa a duniya ɗaya ne, ya shiga cikin masu rajistar kwangila na hukumar En'e. A lokacin, in ba ka da rajista ba ka da ikon neman aikin hukuma, kuma ba a yi maka rajista sai ka nuna ginin da ka yi da hannunka, wanda ya ga damina bai motsa ba.

Wani Alhaji, abokin marigayi surukina, ya sami kwangilar kwalbati a hanyar Salka, ya kira mijina ya gina masa. Ya yi alkawari in aiki ya yi kyau zai tsaya gaban kwamitin ayyuka ya shaida cewa aikin hannun mijina ne. Mijina ya dawo gida yana ta shi masa albarka.

Kwalbatin bango biyu gare shi, ɗaya ta inda ruwa ke shiga, ɗaya ta inda yake fita. Ranar da ya gama na farko na dame shi da roƙo har ya ɗauke ni a keke ya kai ni. Magina suna da al'ada, kafin siminti ya bushe mai aikin yakan danna tafinsa a gefe. Ya danna nasa, sannan ya kama nawa ya danna kusa da shi. Sanyin simintin ya ratsa ni har zuciya. Na ce a raina ko mun mutu matafiya za su riƙa wucewa ta kan soyayyarmu.

Bayan 'yan kwanaki sufeton ayyuka ya zo dubawa. Ya buga bangon da sandarsa, ya yaba, ya tambayi wanda ya gina. Mijina yana tsaye riƙe da cokalin gini, yana jiran a nuna shi.

"Ni na tsaya a kansa tun daga tushe," in ji Alhaji. "Wannan yaron ruwa yake ɗebo mana."

Ashe tsoro yake kada ɗan abokinsa ya sami rajista ya zame masa abokin takara. Da yamma ya sallame shi. Ya ɗauko leburori masu arha suka ƙarasa bango na biyu da yashi mai yawa da siminti kaɗan. Ya sa aka yaɓe tafukanmu, ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a bangayen duka biyu.

Mijina ya ce Allah na nan. Ni ma na san yana nan, amma tun daga ranar nake duban gabas. Na ji dokar daga bakin mijina: aikin hukuma yana wuyan mai kwangila har damina ta wuce, in ya rushe shi zai sake ginawa, a kuma soke rajistarsa. Sauran mata suna roƙon ruwa don gero, ni ina roƙonsa don Alhaji. Duk hadarin da ya haɗo sai in fito tsakar gida in yi masa maraba kamar baƙon da na daɗe ina jira.

A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke bango na biyu. Na mijina ko tsagewa bai yi ba.

Sai ga Alhaji a zaurenmu da goro da dattijai. Ina bayan asabari ina ji. Ya tuna wa mijina abotarsa da mahaifinsa, da ragon sunansa da ya ce shi ya saya. Abin da yake so, mijina ya je gaban kwamiti ya ce shi ne maginin, shi ya ha'inci ubangidansa a kwaɓin siminti. Ya ce yaro in ya yi kuskure ana mantawa, babba kuwa ba a mantawa. Kowa a zauren ya san maginin da aka kama da ha'inci ba zai ga rajista ba har abada. Mijina ya sunkuyar da kai, kunya ta ɗaure shi, na ji ya ce, "To, Baba."

Ban yi masa gardama ba. Na ba shi tuwo, na yi masa fifita. Da safe na aika wa yayana, direban babbar mota mai ɗauko dawa daga Salka. Na ce masa akwai wani dutse a cikin rafi da nake so a kawo gari. Da ya gane wane dutse ne, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ranar zaman kwamiti, ma'aikata suka tarar da ɓallen bango a jingine bakin ƙofar ofis, sunan Alhaji a jiki raɗau. Masu wucewa kasuwa suka taru suna karantawa. Wani ya sa yatsa ya gutsura, ya murmushe kamar ƙuli-ƙuli. Na tsaya daga nesa cikin mayafina, ina kallon Alhaji yana sauka daga mota, yana neman inda zai ajiye idonsa.

Mijina ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ya miƙe zai yi magana, sufeto ya ce ya zauna.

"Alhaji, ba wannan ne mai ɗebo muku ruwa ba? Da bakinka ka gaya mini. Yaushe mai ɗiban ruwa ya fara ɗaukar laifin gini?"

Aka soke rajistar Alhaji, aka tilasta shi sake bangon. Ya sayar da motarsa. Ranar na dafa shinkafa da kaza, na raba wa maƙwabta ban ce ko ta mece ce ba. Mijina ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, ya ce na tozarta dattijo. Na ce dattijon ya fara.

Yaɓen da aka yi a kan busasshen siminti ba ya kamawa. Da damina ta zagayo ya ɓamɓare, sunan ya zube, tafuka biyu suka fito, babba da ƙarami. Sufeto ya kai mijina wurin, ya sa ya ɗora hannunsa, ya zauna daidai. Da wannan bangon aka yi masa rajista.

Mijina ya yafe wa Alhaji tun da daɗewa, har yakan kai masa gaisuwar Sallah. Ni kuwa duk lokacin da na gan shi yana tafe a ƙasa cikin rana, sai in gaishe shi da ladabi, in tambaye shi ya ruwa.