Alkyabbar da Baba ya aika wa shugaban ƙasa

Ni sai da na yi jikoki na koyi riƙe alƙalami, saboda haka kada wani ya tambaye ni shekara. Na dai san Turawa ba su tafi ba, ina goyon 'yata ta fari, muna gidan surukina a Dukawuya.

Baba, uban mijina, jinin Larabawan Tunas ne. Mahaifinsa ya zo da ayari ya zauna. Shi a Kano aka haife shi, bai taɓa ganin Tunas ba, amma in yana zancenta sai ka ce jiya ya baro ta. Burinsa ɗaya, gaisuwarsa ta isa ƙasar ubansa kafin ya mutu.

Ran nan aka ji a akwatin rediyo wai an sauke sarkin can, an yi jamhuriya, an sa shugaban ƙasa. Baba ya ce ai sabon sarki ke nan, kuma a gidansu ba a yin sabon sarki a ƙi kai gaisuwa. Ya aika kasuwar Kurmi aka yanko farin mulufi, aka kai wa maɗinkan unguwar Soron Ɗinki aka yi alkyabba. Ni aka ba turara ta. Na kifa kwando a kan kasko na yi ta zuba turaren wuta har idona ya yi ja.

Wanda zai kai, amininsa ne, wani Alhaji Babarbare mai fataucin fata zuwa Tarabulus ta ƙasar Libya. Ina bayan ƙofar zaure da kwanon fura na ji su. Laɓewa na yi, ba na musu.

Alhaji ya ce, "Kai Balarabe, tsufa ya ci ka. Shugaban ƙasa ba ya sa alkyabba. Kwat yake sawa."

Baba ya ce, "To me ake naɗa masa?"

"Ba a naɗa shi. Zaɓarsa ake yi."

"Ɗan wane ne?"

"Ɗan babansa mana! Ko ɗan mai gyaran takalmi, in jama'a sun so shi. In wa'adinsa ya cika ya sauka, a sa wani."

"Ya sauka da ransa? Ya tafi ina?"

"Gida."

"Gidan wa?"

"Gidansa, Malam! Da gidanka zai zo?"

Na ce a raina shi ke nan, an kashe wa tsoho gwiwa, hayaƙin da na sha ya tashi a banza. Can sai Baba ya ce, "Wato mutum ya ɗauki kukan ƙasa guda, kowa ya kwana da yunwa shi za a zaga, ɗansa ba zai gada ba, sannan ran nan a ce tashi, ya shiga kasuwa yana taya albasa da waɗanda suke durƙusa masa jiya? Allah sarki, bawan Allah."

Alhaji ya ce, "Ka ga sai ka bar kayanka."

Baba ya ce, "A'a, yanzu ma ya fi buƙata. Ka ce masa kada ya sa yanzu. Ya ajiye sai ranar sauka, ya yafa ya fita da mutuncinsa. Ka ce daga wani ɗan ƙasarsu ne a Kano."

Alhaji ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Baba, ya fasa. Ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Da ya dawo bayan damina ya ce shi Tarabulus ya tsaya, amma ya damƙa wa wani attajiri mutumin Tunas, ya faɗa masa saƙon kaf, mutumin har ya yi hawaye. Ko ta kai hannun shugaba, ko tana can a sandukin wani, ni ban sani ba, kuma ba zan ƙaga ba. Baba bai tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Ka ce wa attajirin daga ɗan ƙasarsu ne?"

Alhaji ya ce, "Na ce. Ya ce yana gaida ɗan'uwansa."

Baba ya sa aka dafa shayi, ya sha kofi biyu, shi da aka hana shi sukari.