Curin Yumɓun Yaya Abdu

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar wana, Yaya Abdu, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu a shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai, kuma har yau akwai nauyinsa a wuyana.

Muna da 'yar fadama a ƙasar Durum inda yake noma shinkafa. Da rani yakan kwaɓa kashin awaki da toka da yumɓu, ya cura kamar ƙwan zabo, ya shanya. In ya dasa shinkafa, sai ya bi tsakanin gindi huɗu ya danna curi ɗaya da diddige har ya nutse. Yakan ce shinkafa kamar mai azumi ce, a hankali ake ba ta, kuma saiwar da ta nemo abincinta a ƙasa ba ta faɗuwa.

Sau biyu yana roƙona in rubuta masa wannan dabara da ajami saboda 'ya'yansa. Na ce tawadata ba ta kashin awaki ba ce.

A daminar shekarar da ya rasu ciwo ya kwantar da shi, gona ta dawo hannuna. Na zo daga birnin Damagaram da farin takin Nasara, wanda muke kira angire. Na bar curinsa a rumbu, na watsa nawa bisa ruwa. Shinkafa ta yi kore shar, na riƙa jan mutane su gani. Da ta ɗauki kai, iska ɗaya ta kwantar da ita cikin ruwa, ta ruɓe. Na kai masa gindi guda. Ya shafa saiwar, ba ta kai tsawon yatsa ba.

Ya ce, "Isufu, ka ƙosar da ita tun ba ta koyi nema ba."

Bai ga kaka ba, iyalinsa kuma suka ci wuya a shekarar.

Bara jikansa ya nuna mini sabon taki da malaman gona suka kawo: dunƙule ne, ana binne shi tsakanin gindi huɗu, yana narkewa sannu sannu. Da Yaya zai gani, na san murmushi zai yi, ya tambaya ko sun sa toka. Da-na-sani ƙeya ce.

Curin nan ruwa ya cinye shi tuntuni. Daren jiya kuwa ban runtsa ba, yau da hantsi na jiƙa tawada, na rubuta: kashin awaki kashi biyu, toka ɗaya, yumɓu ɗaya. Yaya, ga takardarka. Ka yafe mini jinkiri.